Faɗi-ka-mutu: Sharhi a kan Tangaran ɗin Ingila da Jeren Matan Kano

Kwana arba'in bayan rasuwar kakata, mahaifiyar babanmu, aka buɗe ɗakinta da ke gidanmu na Gama domin a ƙididdige abin da ta bari. Malamin da aka gayyato saboda rabon gado ya zauna a zaure tare da maza, mu kuwa mata muka shiga ciki muna fito da kaya tsakar gida. Zannuwa da mayafai ba su ɗauke mu lokaci ba. Abin da ya cinye mana yinin shi ne kabet ɗinta, wanda ya tokare bango guda tun daga ƙasa har kusa da rufi. Da muka gama ƙirga, kwanuka da tasoshi da fantekoki sun haura ɗari biyu, kowane saiti a jere daga babba zuwa ƙarami, babu ƙura ko kaɗan a jikinsu. A hawan ƙarshe na sama kuma, inda hannun yaro ba ya kaiwa, akwai kayan shayi na tangaran, farare masu zane shuɗi: buta guda, kofuna biyar da 'yan farantan da ake ɗora su, mazubin madara, mazubin sukari, da manyan farantai huɗu. Kofi na shida ya fashe tun kafin a haife ni.

Ba mu san yadda labari ya fita ba, sai ga wani mutum daga cikin masu sayen kayan da, irin waɗanda ke sayar wa baƙi tsofaffin takubba da tanduna. Bai ko dubi kwanukan ba. Ya ɗauki kofi ɗaya, ya kifa shi, ya leƙa gindinsa, ya ce na Ingila ne, sannan ya taya saitin da kuɗin da ya zarce abin da aka ƙiyasta wa kwanukan gaba ɗayansu. Nan take idon kowa ya koma saman kabet. Bayan 'yar jayayya tangaran ya faɗa rabon Goggo, ƙanwar babanmu, ita kuwa ta ce ba na sayarwa ba ne. Kwanukan, magada suka yarda a ba maƙwabta abin da suke so, sauran aka kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin nauyin ƙarfe, ya tura kurarsa ya tafi. Ina tsaye aka yi, ban ce uffan ba, domin a ranar ni ma zuciyata tana kan tangaran.

Wannan rubutu ƙoƙari ne na gane kuskuren da muka tafka a wannan yini. Me ya sa muka ga tarihi a jikin kofin Ingila, muka ga tarkace a jikin kwanon da aka ƙera a Bompai, nan kusa da ƙofar gidanmu? Kafin in iya amsawa sai da na koma na nemi sanin ko mene ne kofin nan, daga ina zanensa ya fito, da kuma irin ma'aunin da masu tara irinsa suke auna shi da shi.

Daga Nassarawa zuwa Gama

Kakanmu namiji kuku ne. Ya yi wa Turawan mulki aiki a gidajensu na Nassarawa, unguwar da suka keɓe wa kansu a wajen ganuwa bayan sun ci Kano a 1903, inda har yau Gidan Ɗan Hausa yake tsaye. Bature na ƙarshe da ya yi wa aiki, da zai koma gida dab da samun 'yancin kai a 1960, matarsa ta ga ɗawainiyar ɗaukar kayan fashewa a jirgi ta yi yawa, sai ta bar wa kukunsu a matsayin sallama. Shekara da shekaru yana wanke kofunan nan, yana jera su a tire da ƙarfe huɗu na yamma, bai taɓa kai ɗaya bakinsa ba. Da ya yi gida a Gama ya miƙa wa matarsa su. Ita ma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sha komai a ciki ba. Shayinta a kofin silba take sha. Tangaran na kallo ne, sau biyu a shekara ake sauko da shi a wanke, ana gobe Sallah.

Bahaushe ya raɗa wa irin wannan kaya suna biyu. Na farko tangaran, wanda ni dai idan na furta shi nakan ji ƙarar da kofin ke yi in an ƙwanƙwasa shi da farce. Na biyu faɗi-ka-mutu. Sunan nan na biyu hukunci ne cikakke a cikin kalma uku, hukuncin mutanen da suka saba da kayan da ke yafe kuskure. Ƙwarya in ta tsage akwai gyartai, ya ɗinke ta ta koma aiki. Kwano in ya huje a kai wa mai faci. Tangaran ba shi da gyartai. Wanda ya ƙirƙiro sunan ya ga kyan abin, ya kuma yi masa dariya a lokaci guda, kuma ina ganin da wannan idon ya kamata a dube shi.

Kwaikwayon da ya zama gado

Tangaran ɗan ƙasar Sin ne. A can, musamman a birnin Jingdezhen, aka ƙware wajen cuɗa wani farin yumɓu da garin wani dutse, a gasa su a wutar da zafinta ke kaiwa digiri 1,300, har su haɗe su zama abu mai tauri da sheƙi wanda haske ke ratsawa. Zanen shuɗi a kan fari ya bunƙasa a ƙarni na 14, kuma tun daga tushensa akwai hannun baƙi a ciki. Sinadarin kobal da ke ba da shuɗin daga Farisa fatake suke kai shi, manyan farantan da aka riƙa yi a lokacin kuma an yi da yawansu ne domin kasuwannin ƙasashen Musulmi, inda jama'a ke haɗuwa su ci a mazubi ɗaya. Kayan sun kai har gaɓar tekun Afirka ta Gabas, inda aka riƙa liƙa kwanukan Sin a bangon masallatai da kaburbura, kamar yadda maginanmu kan liƙa tasa ko faranti a tsakiyar ɗaurin guga.

Da jiragen ruwan Turawa suka fara jigilar ganyen shayi daga Sin a ƙarni na 17, tare da shi suka riƙa ɗauko tangaran. Turai ta kamu da son abin da ba ta iya yi ba. Sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus, bayan an gano sirrin haɗin. A 1712 wani Bafaranshe ɗan mishan da ke aiki a Jingdezhen, mai suna d'Entrecolles, ya aika wasiƙa gida yana bayyana yadda ake aikin dalla-dalla, abin da a yau za a kira satar fasaha. Ingila ta makara. Masana'antun Chelsea da Bow na Landan a shekarun 1740 suka fara, kuma tangaran ɗin Ingila na farko yakan tsage in an zuba masa tafasasshen ruwa, wanda babban aibi ne ga butar shayi. Masana'antar Worcester da aka kafa a 1751 ita ta yi suna wajen shawo kan matsalar, ta hanyar cuɗa wani dutse mai santsin sabulu daga yankin Cornwall.

To, me suka zana a jikin kayan? Abin da mai saye ya saba gani: gidajen Sinawa masu lanƙwasasshen rufi, masunta, gadoji da furanni. Kofunan farko ma ba su da mariƙi, saboda na Sin ba su da shi. Wasu masu zanen har ƙirƙirar rubutun Sinanci suke yi a gindin kofi, rubutun da babu Basinen da zai iya karanta shi. Ashe abin da masu tara kayan tarihi ke zuba kuɗi a kansa yau a gidajen gwanjo na Landan, a zamaninsa kwaikwayo ne, har da tambarin bogi. Da a Kantin Kwari aka kama shi, jabu za a kira shi.

Abu biyu suka mayar da kwaikwayon nan sana'ar ƙasa. A 1784 gwamnatin Birtaniya ta rage harajin shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12 da rabi, shayi ya sauko daga gidajen masu hali ya shiga gidan talaka. A 1791 kuma Kamfanin Gabashin Indiya ya daina shigo da tangaran ɗin Sin kamar yadda ya saba. Buƙata ta ƙaru, kaya suka ragu, masana'antun yankin Staffordshire suka cike gurbin. A cikin shekarun 1790 gidan Spode ya daidaita wani haɗi da kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce, ya samar da tangaran mai fari da ƙarko wanda ya zama na Ingila na kanta. A wannan tsakanin ne aka tsara zanen da ke jikin kayan kakata, wanda suke kira Wilo, da sunan itaciyar da ke tsakiyarsa.

Abin da ke cikin faranti

Na roƙi Goggo ta ara mini faranti ɗaya da kofi ɗaya, na zauna da su mako guda. A hannun dama akwai wani gida mai ginshiƙai, bayansa doguwar bishiya mai mulmulallun 'ya'ya. A gaba shinge ne mai karkace-karkace. A tsakiya itaciyar wilo ta sunkuyo, rassanta suna zubowa kamar gashin da aka tsefe, kusa da ita gada, a kan gadar mutum uku a jere. Can gaba ga kwalekwale da ɗan tsibiri, a sararin sama kuma tsuntsaye biyu suna fuskantar juna.

Ba zan hana zanen haƙƙinsa ba. Wanda ya tsara shi ya san yadda ake jan ido: daga shinge zuwa gida, daga gida a gangara kan gada, a haye ruwa, a ƙare a wurin tsuntsaye. Ya kuma yi duk aikinsa da launi ɗaya, yana samar da duhu da haske ta hanyar cunkusa layuka ko sassauta su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake fitar da shuɗi iri-iri daga baba guda zai gane darajar wannan. Sai dai aibinsa ma a fili yake. Mai zanen Sin yakan bar fili fari domin ido ya huta, ya hango hazo ko nisa. Mai zanen Ingila kuwa tsoron fili yake ji, duk inda ya ga sarari sai ya cusa wani abu, har tsuntsayen suka kusa kai girman kwalekwalen. Bakin farantin ya sha ado mai nauyi da ya danne abin da ke tsakiya. An tsinto gida daga wannan faranti na Sin, gada daga wancan, aka harhaɗa. Ƙasar Sin ce ta mutumin da bai taɓa taka ta ba.

Da na ƙura ido sai na lura ma ba da alƙalami aka yi zanen ba. Akan sassaƙa shi a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawadar kobal, a buga a siririyar takarda, a manna takardar a jikin faranti, a wanke ta, zanen ya zauna, sannan a shafa ruwan gilashi a gasa. A bakin farantin Goggo akwai inda ƙarshen takarda ya hau kan farkonta, layukan suka saɓa. A wajena nan ne wuri mafi gaskiya a duk farantin, domin nan kaɗai ake ganin sawun ma'aikacin da ya yi shi cikin gaggawa.

Turawa sun ƙaga wa zanen labari: wai 'yar wani attajirin basarake ce ta gudu da magatakardan mahaifinta, aka bi su, daga baya aka kashe su, suka rikiɗe suka zama tsuntsaye. A Ingila aka ƙirƙiri labarin, wata mujalla mai suna The Family Friend ta buga shi a 1849, bayan zanen ya shekara fiye da hamsin a kasuwa. Kakata ba ta taɓa jin sa ba, tana da nata. Ina ƙarama, ranar wankin Sallah, na tambaye ta su wane ne a kan gadar. Ta ce, "Kishiya, ba ki da ido ne? 'Yan kai gara ne za su haye gadar Wudil." Na ce to tsuntsayen fa? Ta ce, "Ni da ke ke nan, kullum baki da baki." A yau ban ga abin da ya sa labarin mujallar zai fi na kakata inganci ba. Dukansu biyun baƙi ne suka dubi hoton da ba su san asalinsa ba, kowa ya zuba masa abin da ya sani. Bambancin kawai shi ne an buga ɗaya a takarda, ɗayan kuwa da ban tuna ba da ya bi mai shi kabari.

Akwai kuma abin da farantin ya ɓoye. Sukarin da aka riƙa zubawa a irin waɗannan kofuna a ƙarni na 18 bayi 'yan Afirka ne suka noma rakensa a tsibiran Karibiyan. Kuɗin shayin kuwa, da azurfa ta yi wa 'yan kasuwar Birtaniya wuya, da ƙwayar maye ta ofiyom suka riƙa samo shi, abin da ya kai ga yaƙin 1839 zuwa 1842, wanda a ƙarshensa Sin ta sallama Hong Kong. Babu alamar ko ɗaya daga cikin waɗannan a lambun shuɗin nan. Idan na dubi shingen da ke gaban zanen nakan tuna da shingen gidajen Nassarawa: lambu a ciki, shiru, tsabta, mutanen ƙasar kuma ƙanana can nesa a kan gada. Wanda ya dafa shayin ba ya cikin hoto.

Hukuncin gindin kofi

Masu tara tangaran suna da hanyoyin gwaji, na kuwa gwada. Na ɗaga kofin a hasken rana, na ga inuwar yatsuna ta cikinsa, alamar tangaran ne na gaske. Na ɗaga babban farantin, haske bai ratsa ba, wato farar ƙasa ce kawai aka shafa wa gilashi, kamar mafi yawan farantan Wilo. Sannan na kifa su. A gindin kowanne an rubuta da Turanci cewa a Ingila aka yi shi. Wannan rubutu da ya ruɗe mu ranar rabon gado shi ne ya tona asirin shekarun kayan. Masana'antun Ingila sun fara sa sunan ƙasa a gindin kayansu ne daga 1891, saboda wata dokar Amurka da ta tilasta hakan, cikakkiyar jimlar kuwa ta ƙarni na 20 ce. Kayan kakata ba su da alaƙa da zamanin Worcester na farko. Kayan kanti ne da aka yi dubbansu. Mutumin da ya taya su kalmar Ingila ya taya, domin ya san akwai irinmu da yawa da za su saye ta.

Duk da haka akwai abin da na girmama a wurin masu tara tangaran na can. Sun adana littattafan zane na masana'antu, sun san tambarin kowane gida da shekarun da ya yi amfani da shi, har mutum ya ɗauki kofi marar mariƙi ya faɗi garin da aka yi shi da kimanin shekarar. Sun cika ɗakuna a gidajen tarihi irin su Victoria and Albert na Landan. Da wannan haƙuri ne suka mayar da jabun jiya gadon ƙasa. Inda nake saɓa musu shi ne ma'auninsu. Su abin da ke ɗaga daraja shi ne tsufa, da ƙarancin irin abu, da rashin tabo. 'Yar ɓantara a bakin kofi takan zubar da farashinsa, ko da kuwa a ɓantarar nan tarihinsa yake. A bisa wannan ma'auni, shekarun da kakanmu ya yi yana wanke kofin da ba shi da ikon sha a ciki ba su ƙara masa ko kwabo ba.

Jeren Kaka

Sai da na kai nan na gane cewa a gidanmu ma akwai mai tara kaya, kuma tarinta muka ɗora a sikeli. Jere tsohuwar al'ada ce. Iyayen kakanninmu ƙore masu zane suke jerawa, da akusa da fayafayi da tasoshin tagulla. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shigo, kantunan kamfanoni irin su John Holt, da UAC daga baya, suka cika da kwanukan ƙarfe masu rufin fenti daga Turai. A shekarun 1950 Hong Kong ta mamaye wannan kasuwa. Bayan 'yancin kai, da aka ɗora wa kayan waje haraji, 'yan kasuwar Hong Kong ɗin suka taso da injinansu suka kafa masana'antu a Legas da Kano. Mafi yawan kwanukan kakata daga nan suka fito. Abin mamaki, tsibirin da cinikin shayi ya fizge daga hannun Sin shi ne ya aiko da mutanen da suka ƙera kwanukan da ke ƙasan kabet ɗin. A sama ga Sin ta ƙarya da Bature ya zana, a ƙasa ga aikin Sinawa na gaske da aka yi domin Bahaushiya, mu kuwa muka zaɓi ta sama.

Na ce domin Bahaushiya, saboda siffar kwanukan ta nuna wanda ya yi umarni. Kwano mai murfi da zai riƙe zafin tuwo, ƙaraminsa na miya, saiti mai shiga cikin juna wanda in an baje shi zai hau kamar matakala, manyan furanni ja da kore da rawaya da za su haskaka ɗakin da tagarsa ƙarama ce. Abin da mata suka ƙi saye a kasuwar Sabon Gari ba ya daɗewa ana yin sa. Yadda mai shan shayi a Landan ya sa Worcester ta zana gadoji, haka amaren Kano suka sa masana'anta ta zana furanni. Irin wannan ya faru da atamfa, wadda asalinta Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen Jawa na Indonesiya, yau kuma babu mai ce mata baƙuwa a gidan biki.

Jeren kansa yana da ƙa'ida. Kakata ba ta haɗa launin da zai yi faɗa da maƙwabcinsa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, dama da hagu su yi daidai, tire a tsaye a baya ya zama bango. Ko murfi ɗaya aka juya sai ta gane. Kuma kowane saiti da labarinsa: wannan na aurenta ne, wannan da kuɗin adashi ta saya shekarar da aka haifi babanmu, wancan ribar ƙuli-ƙuli ce. Dukiyarta ce ta kanta, wadda miji ba shi da iko a kanta, in ta shiga matsi ta ba dillaliya saiti ɗaya, in ta samu ta mayar. Kabet ɗin nan shi ne asusunta, shi ne kuma littafin tarihinta, ita da ba ta yi boko ba. Mun kasa karanta shi ne kawai.

Abin da za a iya ce mini

Na san akwai mai cewa jere ba abin kewa ba ne. Gasa ce da ta jefa iyaye cikin bashi, ta sa 'yan mata talla tun suna ƙanana domin a tara kuɗin kayan ɗaki, ta sa aka riƙa auna mutuncin amarya da yawan kwanonta. Malamai sun daɗe suna kiran tara abin da ba a amfani da shi almubazzaranci. Wannan gaskiya ne, ban kuma zo kare gasar ba, wadda ba ta mutu ba ma, kaya kawai ta sauya, daga kwano zuwa tangaran da kuloli da kujeru. Amma adana shaidar abu daban, yarda da duk abin da aka yi a zamaninsa daban. Ingila ba ta farfasa kofunanta saboda bayin rake ba. Mai son ya nuna wa 'yan baya nauyin da aka ɗora wa mata ma yana buƙatar kabet ɗin a tsaye domin su gani da idonsu.

Wani kuma zai ce kayan aro ba ya rufe katara, kwano da tangaran duk baƙi ne, in za a adana a adana ƙwarya da akushi. Tarihin kofin nan ya isa amsa. Shuɗin Farisa ne ya shiga Sin, zanen Sin ya shiga Ingila, daga baya masana'antun Japan da na Sin kanta suka dawo suna kwaikwayon Wilo ɗin Ingila domin su sayar wa Turawa. Kalmar shayi ma da muke furtawa kullum ta bakin Larabawa ta iso mu, su ma aro suka yi daga gabas. In aka ce sai abin da ba a taɓa arowa ba ne asali, babu wanda zai tsira da komai. Aro yakan zama na mutum in ya juya shi ya yi masa aikin da mai shi bai nufa ba, kakata kuwa ta yi haka da kwanon, ta yi da kofin, wanda aka yi domin sha ta mayar da shi rawanin jerenta.

Saboda haka kuskurenmu ranar rabon gado ya wuce fifita tangaran a kan kwano. Mun raba abin da mai shi ta haɗa. Kofin shi kaɗai kayan kanti ne na ƙarni na 20, kwanon shi kaɗai ƙarfe ne na sikeli. Darajarsu tana cikin zamansu tare a bango ɗaya, a tsarin da mace ɗaya ta yi shekara hamsin tana gyarawa. Gidan Makama ya kyauta da ya keɓe ɗaki yana nuna jeren amarya, sai dai ɗaki ɗaya ba zai ɗauki sauye-sauyen shekara ɗari ba. A Gama da Tudun Wada da Gwagwarwa har yanzu akwai tsofaffin da kabet ɗinsu ke tsaye. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jikokinsu ba: a ɗauki hoton jeren kafin a taɓa shi, a zauna da mai shi a rubuta sunan kowane saiti da shekarar da ya shigo da hanyar da aka same shi, in rabo ya zo kuma wani daga cikin magada ya karɓi saiti cikakke a cikin kasonsa.

Na bi gidajen maƙwabta na samo kwano bakwai daga cikin na kakata. Uku an riga an sa su aikin ɗebo gawayi. Da na mayar wa Goggo da farantinta na tafi da littafi, na baje kwanukan a gabanta, na ce ta faɗa mini abin da ta tuna. Ta ɗauki wani mai jan fure ta juya shi, ta ce wannan a cikinsa aka kai wa babanmu abinci ranar da ya sauke Alƙur'ani. Biyu daga ciki ta ce ba ta san labarinsu ba, sai dai Hajiya, Allah Ya ji ƙanta. Na rubuta huɗun da ta ƙara tunawa da na farkon, na bar wa biyun fili.